Fuskar Don Saverio a Teburin Alhamis

Da na dawo garinmu na bakin teku, Mar del Plata, bayan shekara goma sha ɗaya ina karatu a ƙasar waje, ban ɗauka akwai abin rubutawa game da masu zuwa gidan caca da rana tsaka ba. A tunanina mai caca iri biyu ne, wanda caca ta cinye da wanda yake cinye wasu. Na farkon an gaji da jin labarinsa, na biyun kuwa ba ya faɗin nasa. Don Saverio Buonocore, maƙwabcin mahaifiyata a unguwar tashar jiragen kamun kifi, bai faɗa cikin ko ɗaya ba, shi ya sa na daɗe ina shakkar ko yana da labari ma. Abin da na rubuta a nan daga bakinsa na ji, da bakin matarsa, da na waɗanda suke zama tebur ɗaya da shi.

Shekararsa saba'in da uku. Tun yana saurayi sana'arsa ɗinkin taru ce, a wata rumfa da ke bayan inda ake sauke kifi, har yatsunsa suka kanannaɗe suka ƙi miƙewa sosai. Da ya ajiye aiki, kwanakinsa suka koma kama da juna. Da safe ya sayo burodi, su zauna da matarsa Ofelia suna miƙa wa juna ƙoƙon shayin ganyen mate, ya leƙa tasha ya ga wane jirgi ya fita wane ya kwana, ya dawo ya ci taliya, ya ɗan kishingiɗa. Ranar Alhamis kaɗai take da bambanci. Ranar yakan yi aski, ya sa kwat ɗinsa mai ruwan ƙasa, ya saka kuɗin da bai wuce na abincin rana na mutum biyu ba a aljihun ƙirji, ya hau bas ɗin da ke bin bakin teku. Ƙarfe uku yana zaune a ƙaramin teburin kartar foka na can ƙurya, inda ba a zuba da yawa. Ƙarfe bakwai yana gida, ko ya ci ko an ci shi. Yawanci an ci shi.

Ba da foka ya tashi ba. Shekara arba'in da ɗoriya turuko yake bugawa, wata karta ta ƙasar nan da ake yi biyu-biyu, a kulob ɗin masunta, kuma duk tsawon shekarun nan abokin wasansa ɗaya ne, wani makanikin injin jirgi mai suna Ubaldo. A turuko abokinka yana zaune yana fuskantarka, kuma da fuska kake gaya masa abin da ke hannunka kafin abokan hamayya su ankara. Ka ɗaga gira, kana da babban as, katin da ya fi kowane ƙarfi. Ka kashe ido ɗaya, kana da mai bi masa. Ka runtse idanu duka biyu, ba ka da komai. Mutanen kulob sun ce Saverio da Ubaldo sun kai inda girar ɗaya ba ta gama motsi ba ɗayan ya riga ya gane.

Da Ubaldo ya rasu, Saverio ya gwada zama da mutum biyu ko uku. Ɗaya ba ya kallonsa, ɗaya kuma yana kallonsa har kowa ya gane. Ya haƙura. Surukinsa ne ya ce masa ya gwada foka, tunda ita ba ta son aboki, kowa tasa ta fisshe shi. Ya koyi dokokinta cikin mako biyu, ya sami teburin Alhamis, ya zauna.

Mutanen teburin ba sa canzawa sosai, musamman da sanyi, lokacin da baƙi suka watse garin ya koma na masu shi. Akwai Doña Nélida, wadda ta yi shekara talatin tana gyaran gashi, mai murya kamar ana jan buhun tsakuwa. Akwai Elías mai shagon yadi, wanda ba ya magana sai ya ci. Sauran kujerun wanda ya zo ya zauna. Nélida kullum kujerar da ke fuskantar Saverio take ɗauka. In ta tarar da wani a kai sai ta tsaya a kansa da jakarta har ya tashi.

"Hasken can yana damun idona," take cewa.

"Ba haske ba ne, Neli, kyauna ne," in ji Saverio.

"Kyanka? Tano, kai da kifin da ya kwana a rana ban san wa ya fi wani ba." Tano laƙabi ne da ake yi wa jikokin 'yan Italiya a nan.

Haka suka yi shekara huɗu. Shi dai ya san ba shi da sa'a. In ya sami kati mai kyau kowa sai ya ajiye nasa, ya kwashi abin da bai taka kara ya karya ba. In kuma ba shi da komai ya ce bari ya yi burga, sai kowa ya bi shi. Ya ɗauka haka foka take, kuma bai damu ba. Yana son sanyin sulallan roba a tafin hannunsa, da kofin da ake kawowa ƙarfe biyar, da zagin Nélida.

Wata Alhamis a watan Yuli, wanda a nan shi ne tsakiyar sanyi, lokacin hutu, wani baƙo daga Buenos Aires ya zauna da su. Mutum ne mai kimanin shekara arba'in da biyar, da agogo mai nauyi, ba ya dariya. Ya yi awa guda yana wasa yana kallo. Sai aka raba, Saverio ya ɗaga gefen katinsa ya leƙa, Nélida da ta riga ta miƙa hannu za ta zuba sulalla ta janye, ta tura katinta tsakiya. Baƙon ya ɗora tafinsa a kan tebur.

"Dakata. A kira mini mai kula da zauren nan."

Mai rabon kati ta tsaya.

"Foka muke yi ko turuko?" in ji baƙon. "Sau uku ke nan. Tsohon nan ya ɗaga gira, matar nan ta ajiye. Ya runtse ido, ta ƙara. Ni ma a ƙasar nan aka haife ni, kakana da turuko ya rene ni."

Mai kula da zauren ta zo. Sunanta Graciela Olmedo, mace mai gajeren gashi da ba ta ɗaga murya. Ta saurari baƙon har ya gama, ta ce a buɗe katin Saverio. As ne, babban. Ta ce shi da Nélida su biyo ta gefe, kusa da taga.

"Don Saverio, alama tsakanin 'yan wasa haramun ce a nan. Ka sani."

"Wace alama, 'yata? Ni na yi wa wa alama?"

Ya juya ya dubi Nélida don ta tsaya masa. Ita kuwa tana ta buɗe jakarta tana rufewa.

"Tano," ta ce, "kana yi."

"Ina yin me?"

"Gira. Da ido. Duk. Tun ranar da ka fara zama."

Saverio ya dube ta. Sannan ya waiga teburin. Elías ya ɗaga kai yana nazarin fitilun silin kamar yau aka saka su.

"Shi ma ya sani?"

"Har mai kawo kofi ya sani."

"Shekara huɗu, Neli. Me ya hana ki gaya mini?"

"In gaya maka in ci me?" Muryarta ta sauka. "Kuma ranar da na fara gani, wata biyu ke nan da binne abokinka. Kana leƙa kati kana ɗago kai kana neman wanda ke gabanka. In ce maka me? Daga baya kuma abin ya yi nisa, ya zama abin kunya a faɗa."

Graciela ta ce ta yarda ba haɗin baki ba ne, amma an kawo ƙara kuma dole ta rubuta. Su biyun za su huta mako biyu. In Saverio ya dawo fuskarsa ta sake faɗin abin da ke hannunsa, ba zai ƙara zama a zauren ba.

"Ban hana mutum fuskarsa ba," ta ce, "amma ba zan bar tebur da rabinsa yana karanta katin mutum ɗaya ba."

Bai jira bas ba ranar. Ya taka da ƙafa ta bakin teku, iska tana dukansa, har ya kai rabin hanya gwiwa ta hana shi.

Ofelia ba ta yi mamaki ba ko kaɗan. Washegari bayan abincin rana ta share teburin kicin, ta jingina madubin banɗaki da tukunya, ta zauna tana raba masa kati. Ya leƙa, ya ɗago.

"As," ta ce.

"Ban motsa ba!"

"Girarka ta kusa taɓa gashinka. Sake."

Ya sake. Ya murtuke fuska kamar mai ciwon haƙori.

"Ba ka da komai."

"Ta ina kika gane?"

"Ka runtse. Tsoho, shekara arba'in da bakwai ina karanta fuskar nan ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Yanzu da tsufa za ta koya?"

Ya gwada baƙin gilashi, sai ya kasa bambance jan kati da baƙi saboda yanar da ke idonsa na hagu. Ya gwada jan hula har kan gira, hular ta riƙa ɗagawa da kanta. Ofelia ta kawo filasta ta manna masa a goshi, ta dube shi, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Shi bai yi dariya ba. Alhamis ta farko ta zo, ya yi aski don sabo, sannan ya zauna a ƙofar gida da kwat ɗinsa yana kallon bas na wucewa. Ofelia ta ce a ranar ne ta tsorata, don ta ga irin zaman da ya yi bayan rasuwar Ubaldo.

A mako na biyu ya daina ƙoƙarin hana fuskar. Ya ce mini yana zaune a tasha yana kallon wani yana ɗinkin taru abin ya zo masa: taru duk huji ne, amma ba wanda yake ganin huji sai hujin da ya bambanta da sauran. Ya koma gida ya ce wa Ofelia ta raba. Ya leƙa kati, ya ɗaga gira, ya kashe ido ɗaya, ya runtse duka biyu, ɗaya bayan ɗaya. Ta sake rabawa, ya sake yin haka daidai.

"To, me ke hannuna?"

Ta dube shi da kyau. "As?"

Ya juya katin. Bakwai da biyu.

Kwana biyar suka yi suna wannan, har ya zama ba ya tsallake ko ɗaya.

Ranar da ya koma, ya sami Graciela kafin ya zauna ya gaya mata abin da zai yi. Ta ce ba ta yi alkawarin komai ba sai ta gani. Ta tsaya bayan mai rabon kati, ta ce duk hannun da aka gama a nuna mata katinsa ita kaɗai. Aka raba. Gira, ido ɗaya, idanu biyu. Elías ya ajiye kofinsa. Aka sake rabawa. Gira, ido ɗaya, idanu biyu.

"Wayyo ni," in ji Nélida. "Tano, ka koma fitilar motar da ba ta san inda za ta juya ba."

"Ki zuba ko ki ajiye, Neli. Mutane na jira."

Ta zuba. Ya bi ta. Da aka buɗe yana da as biyu, ya kwashe. Wannan ne karo na farko a shekara huɗu da ta biya shi a kan babban kati, kuma ta zage shi har iyayen kakanninsa da suka zo daga Italiya.

Graciela ta duba hannu tara. A na goma ta daina dubawa.

"Wannan ba alama ba ce, Don Saverio," ta ce. "Ciwo ne. Ba mu da dokar da ta hana mai ciwo zama."

Ta koma bakin aikinta.

Yanzu kusan shekara guda ke nan. Nélida ta daina damuwa da hasken can, tana zama duk inda ta samu, amma ba ta fasa zuwa ba. Baƙi sukan dube shi da tausayi a hannun farko, wasu har su tambayi mai rabon kati a hankali ko tsohon lafiya yake. Elías ya yi wata biyu ba ya iya haɗa ido da shi, sai wata rana ya kawo masa yadin kwat mai kyau ya ajiye masa a kan kujerarsa. Saverio ya kai wa tela. Ba su taɓa tayar da maganar ba.

Wata Alhamis na raka shi tashar bas. Iska ta kwanta, ana jin warin kifi daga masana'antu. Na tambaye shi ko yanzu da ba wanda yake karanta fuskarsa ya fara dawowa gida da riba.

"Ina fa," ya ce. Ya gyara wuyan kwat ɗin yana leƙen titi. "Har yanzu cina suke yi. A da suna cina don sun san abin da ke hannuna, yanzu suna cina don sun fi ni iyawa. Wannan kam zan iya zama da shi."