Ranar da Keken Baba Ya Ƙi Kawo Wuta

Babana yana da keke mai inji. Ba babur ba ne, kada wani ya gyara mini magana, na hau shi na san shi. Keke ne mai feda, da ɗan tanki, da inji da bai fi tukunyar miya ba. Sai ka taka feda ka ɗan yi nisa kafin injin ya yi tari ya kama. A Tsafe ya saye shi hannun wani dillalin hatsi, kuma a ƙauyenmu, can bayan Bungudu, babu mai irinsa. Lokacin jihar Zamfara sabuwa ce, kowa zancen Gusau yake, ni kuwa ban kai shekara goma ba, ban taɓa ganin garin ba.

Kakata, wadda ta haifi Baba, cutar yanar ido ta rufe mata idanu duka biyun. Tana bambance rana da dare, iyakarta ke nan. A ƙarshen wata damina aka aiko cewa wani likitan ido ya zo Gusau, kuma an sa Kaka cikin waɗanda za a yi wa aiki da safe. Likitan baƙo ne, wanda ya makara sai dai ya jira baɗi. Mota ba ta shiga garinmu da damina, gwiwoyin Kaka kuma ba za su kai ta bakin titi ba. Keken nan ne kawai. Ana gobe tafiya, da la'asar, Baba ya fito da shi don ya gwada, ya ƙi tashi.

Ya taka feda daga ƙofar gida zuwa masallaci ya dawo, rigarsa ta jiƙe, injin ko tari bai yi ba. Da farko ya ɗora laifin a kan 'yan bumburutu, don shekarun nan fetur ya yi wuya, kuma sukan gauraya shi da kananzir. Ya tsiyayo kaɗan a tafin hannu ya shinshina, ya ce mai lafiya lau yake. Sai ya juya kan fulogi. Ya kwance shi, ya kankare baƙin da ke bakinsa da tsinken waya, ya tura shi cikin murhun mahaifiyata har ya yi ja, ya bari ya huce, ya mayar. Shiru. Ya je ya aro wani fulogin wajen mai injin niƙa. Shi ma shiru.

Ni ina tsugune kusa da shi tun farko, bakina bai huta ba. Haka Allah ya yi ni, har yau.

"Baba, mi wanga ƙarfe ka yi?"

"Wuta yake kawowa. In babu wuta mai ba ya kamawa."

"Wuta cikin mai? Ba ya ƙonewa?"

"Ƙonewar ce tafiyar. Kama fedar nan ki juya, ki bar ni da surutu."

Ya kafe keken a kan ƙarfen tsayuwarsa, tayar baya a sama. Ya jingina fulogin da jikin injin, wayarsa a haɗe, ya ce in wuta na zuwa za a ga ta yi tsalle a bakinsa. Na juya feda har kafaɗata ta yi tsami. Ba mu ga komai ba.

Bayan sallar isha'i aka ci tuwo, mahaifiyata ta hura wuta a tsakar gida, ta zuba ɗanyen ganye don hayaƙin ya kori sauro, ta jera sabuwar masara. Nan Kaka ke zama kullum, a kan buzunta, mu jikoki zagaye da ita. Baba yana can gindin rumbu da fitilar ƙwai, yana ta zagin fulogi ƙasa-ƙasa. Kaka ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. Ta juya fuskarta wajen da take jin ƙarar sifana.

"Kai mai keke, ka ci abinci?"

"Na ci, Inna."

"Ƙarya kake, ban ji kwano ba." Ta ci gaba da murza carbi. Can ta ce, "Yara, ga wata tatsuniya nan tsaye bakin ƙofa. A buɗe mata ko ta wuce?"

Muka ce ta shigo mu ji ta.

Ta ce an yi wani gari da ruwan sama ya sauka kwana da kwanaki har wutar kowane gida ta mutu. Ba ta saura ko'ina ba sai wajen wata tsohuwa a gindin dutse. Ɗiyar tsohuwar tana aure a ƙarshen gari, ga jariri, ga sanyi, ga babu abin dafa ruwan wanka. Kowace safiya tsohuwa sai ta sa garwashi a sakaina ta ba zakara, zakara ya miƙa wa akuya, akuya ta miƙa wa bushiya, bushiya ta miƙa wa ƙadangare, shi kuma ya kai ƙofar ɗakin mai jego. Kullum in ƙadangare ya iso, gawayi ne mai sanyi a sakainar. Mijin ɗiyar sai ya ɗauki muciya ya ƙwala masa a ka. Gobe haka, jibi haka. Ya kore shi ya samo wani ƙadangaren, shi ma gawayi ya kawo, shi ma ya sha muciya. Kaka ta ce shi ya sa har yau ƙadangare ke gyaɗa kai, ciwon bai sake shi ba.

Mun yi dariya. Na lura sifanar Baba ta daina ƙara.

Ta ci gaba. Mai jego ta gaji ta ce wa mijin, "Kana ta dukan na bakin ƙofa. Shi abin da anka ba shi ya kawo. Koma baya ka bi hanya." Miji ya fita da asuba ya laɓe. Ya ga wuta ta bar hannun tsohuwa ja wur, ta bar zakara ja, ta bar akuya ja. Da ta iso wajen bushiya, sai ya ga ta tsinko jiƙaƙƙen ganye ta lulluɓe garwashin sosai, tana cewa kada ruwa ya taɓa wutar jariri.

"Muguwa," in ji ƙanena.

"Ba muguwa ba ce," Kaka ta ce da sauri. "Tsoro ta ji. Tsarewa take."

Na ce, "To an buge ta?"

"Ke Hansai, uwar tambaya, wa ka bugun bushiya? Hannunsa zai ji. Nan tatsuniya ta tsaya, mai son saura ya bi ta gida."

Baba ya miƙe tsaye. Ya ce wa mahaifiyata ta kife kasko a kan wutar, ya hure fitila, ya kira ni in juya feda. Tsakar gida ta yi duhu ƙirin. Maimakon ya zuba wa fulogi ido kamar ɗazu, sai ya ɗora yatsu a kan baƙar wayar da ke shiga kansa, yana bin ta baya a hankali zuwa ƙarƙashin tanki. Ina juyawa na fara jin wani ɗan sauti, ƙas, ƙas, ƙas. Sai na ga ɗan haske shuɗi, ƙarami kamar ƙwayar gero, yana tsalle a inda babu fulogi ko kusa. A daidai lokacin yatsun Baba suka isa wurin. Ya fizge hannu ya faɗi zaune, yana salati.

Aka kunna fitila. Laya ce, sabuwa, ɗinkin jar fata. An ɗaure ta da siririyar wayar ƙarfe, irin wadda ake ɗaure bakin kwandon kaji da ita, an naɗe ta tamau a jikin wayar fulogi da ƙarfen keken gaba ɗaya. Robar wayar ta riga ta tsufa, ƙarfen ya yanke ta. Wutar tana fitowa lafiya daga cikin injin, sai ta samu gajeriyar hanya a nan ta zube a jikin keke.

Babu wanda ya tambayi wa ya ɗaura. Ɗaurin na mai lalube ne, wanda ya kama abin da hannunsa ya fara samu. Baba ya daɗe yana kallon layar a tafin hannunsa. Ya yanko robar cikin tsohuwar taya ya naɗe wurin da ya yanke, ya mayar da fulogin, namu na asali, wanda ya sha wuta da zagi. Taku kaɗan injin ya kama, kaji suka watse daga akurki.

"Inna," ya ce da ya kashe shi, "na tsinci wata laya. In ɗaura ta ga kariya, inda za ki zamna?"

"Ɗaura ta inda ka ga dama. Ni mi na sani ga keke?"

Da zare ya ɗaura ta. Da asuba aka naɗa wa Kaka zane a kan kariyar, ta rungume shi ta baya, bakinta na motsi, suka kama hanyar Gusau. A ido ɗaya aka yi mata aiki, kuma ya buɗe. Da aka cire bandejin ta dawo gida, ta gama ƙare mana kallo ɗaya bayan ɗaya, ta ce ni na fi yadda take zato baƙi. Sannan ta sa Baba ya shigar da keken ɗakinta, aka rufe ƙofa, ya kwance fulogi, na juya feda. Ta kawo lafiyayyen idon dab da shi ta ga shuɗin yana tsalle.

"Wagga 'yar mitsitsiya ce ta so hana ni ido?" ta ce. "Sake juyawa in gani."

Na girma ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin darasin gyara. Ko da na shiga ajin manya da 'ya'yana a bayana, in lissafi ya ƙi fita, baya nake komawa layi-layi in ga inda ya ɓace, ba na tsayawa faɗa da amsa. Sai da na yi surukai na gane ɗaya gefen. Tsohuwar nan tun la'asar take zaune tana jin ɗanta yana wahala, tana zargin hannunta, ga tsoron wuƙar likita, ga kunyar ɗan fari. Ba ta iya cewa ni ce. Sai ta ƙirƙiro gari guda da ruwan sama da ƙadangare, ta nuna masa wurin, ta kuma roƙa wa bushiya afuwa tun kafin a kama ta.

Ni ban gado wannan ba. In na ɓata abu, faɗi nake tsaye, in wani ya ɓata ma haka, kuma na yi asarar mutane a kan hakan. Na tambayi tsofaffin Bungudu da dama ko sun san tatsuniyar bushiya mai lulluɓe wuta. Har yau ban samu wanda ya taɓa jin ta ba.