Safa a Hannun Hagu

Da ƙanwata ta haihu a Fagam, ban samu zuwa ba sai bayan suna. Na tarar da jariri namiji tubarkalla, amma hannunsa na hagu sanye da safa. Na zare ta. Yatsu uku ne a manne, fata ta haɗe su har kusa da farce. Uwar ta kau da kai, Innarmu ta yi maza ta mayar da safar. Ta raɗa mini cewa tun ranar haihuwa yarinyar nan ba ta ƙara kallon hannun ba.

Ashe da cikin ya tsufa an hana ta ɗiban ruwa, ba ta ji ba, santsi ya kwashe ta a bakin rijiya ta faɗi ta gefen hagu. Matan unguwa suka ɗora mata laifin, ita ma ta karɓa ta rungume.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ni kuwa dama ba a san ni da haƙuri ba. Na daɗe ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Birnin Kudu, ina zana wannan abu a allo, ban taɓa zaton zan same shi a gidanmu ba.

Na zaunar da ƙanwar tawa. Na ce hannu yakan fara ne kamar tsiron wake a jikin ɗan tayi. Ƙwayoyin halitta na aika wa juna sinadarai, su ne saƙon da ke cewa nan babban yatsa, can ƙarami. Da farko yatsun kowa a haɗe suke, har nawa da nata. Sai wani saƙo ya zo a kan lokacinsa, fatar tsakani ta narke. In ya makara ko bai iso ba, haka za su zauna. Ikon Allah ne, kuma likitoci na iya raba su in yaro ya yi ƙwari.

"Yaya, yaushe ake duk wannan?" in ji ta.

"Tun farko-farko, kina tantama ko ciki ne."

"Wato ranar da na faɗi..."

"Hannun ya daɗe da gama halittuwa."

Tausayinta ya kashe mini faɗan da na yi niyya. Can ta ce Inna ta miƙo mata jaririn. Ta zare safar da kanta, ta ɗora hannun a tafinta, ta daɗe tana kallo hawaye na zuba.

"Inna," ta ce, "ashe farcena ya ɗauko."