Tsakanin Taɓarya da Turmi

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyukan da ke kewaye da Maska ya san abin da wannan ke jawo wa mutum. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa a gaban jama'a, in kuwa aka yabe shi a gabanta sai ta tuna ta bar tukunya a kan wuta. Mu da muke da jinin Fulani ta wajen Inna, abin namu ya ninka na kowa. Har furfura ta fara fito mini a gemu ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. Ina yaro ni ne "kai", da na tasa na zama "wancan", da na samu aikin koyarwa na bar gida sai aka yi mini ƙarin girma na zama "mutumin Funtua". Har wani maƙwabcinmu mai irin sunana abin ya shafa, don Inna ba ta kiransa da komai sai "mai shanu", alhali bawan Allah akuya ce kawai da shi.

Ban taɓa ƙorafi ba, don kunya ce, kuma ado ce a wurinmu. Amma ina son in ji. Ko sau ɗaya ne ya ishe ni. Ina son in san yadda sunan yake fita a muryarta, ko tana jan ƙarshensa ne ko datse shi take yi. Ban taɓa gaya wa kowa ba, har matata, saboda magidanci ya ce yana kwaɗayin irin wannan abu, dariyar da za a yi masa sai ta kai kasuwar Bakori.

Autarmu kuwa sunanta har ya tsufa a bakin Inna don yawan kira. Ita ce ta je karatu Zariya ta dawo mana da wata sana'a da babu wanda ya san sunanta. Da Baba ya tambaye ta me aka koya mata, sai ta ce haɗa kiɗa. Baba ya yi mata wani kallo irin wanda muka san ba na alheri ba ne. Nan da nan ta shiga bayani, ta ce ba kalangu a ciki, ba ganga, ba waƙa. Sauti take tarawa, irin wanda kunne ke wucewa ta kansa kullum bai kula ba, ta jera shi a kwamfuta, mutane su taru a ɗaki su zauna su saurara. Baba ya ce ana rawa? Ta ce a'a. Ya ce ana wasa wani a yi masa kirari? Ta ce ko kaɗan. Sai ya gyara zama ya ce to ai wannan zaman shiru ne, ta je ta yi, Allah ya ba da sa'a.

Da lokacin girbi ya yi Auta ta zo gida da kayan aikinta. Akwai rikoda mai girman tafin hannu, da wayoyi, da wani ɗan faifai kamar tsohon kwabo da ake mannawa a jikin abu, sai kuma makirufo da aka sa wa riga mai gashi buzu-buzu don kada iska ta dame shi. Inna na ganinsa ta raɗa masa suna gafiyar Auta, sunan kuwa ya bi shi har yau. Kwana kaɗan gari ya ɗauka. Auta ta zura waya a rijiya tana sauraron ɗigar ruwa daga guga. Ta manna kwabon nan a jikin rumbu ta ce tana jin ƙwari suna cin hatsi, maganar da ta sa Baba ya kwashe dawar ya shanya washegari, ya kuma fara ganin sana'ar da ɗan mutunci. Ta tsaya a gaban injin casar masara har ƙaiƙayi ya rufe mata gira, ta bi shanu cikin gonakin da aka girbe tana ɗaukar takunsu a kan kara.

Ni aka maida direba. Duk ƙarshen mako in na zo gida sai in goya ta a babur mu shiga daji, ta ce in kashe, in kuma yi shiru. Ni da nake wuni ina ce wa 'ya'yan mutane su yi shiru, ga ni ƙanwar bayana tana ɗaga mini yatsa don na yi gyaran murya. Na yi mata tsiya iyakar iyawata. Na ce kuɗin makarantar da aka kashe da an sani an saya mata rediyo mai ƙarar ruwa an huta. Wata rana da rana tsaka, a gonar dawar Baba da ba a kai ga yankewa ba, ta gaji da bakina ta kifa mini abin sauraro na rikodarta a kunnuwa. Gonar nan na yi noma a cikinta tun ina tsawon fartanya, da an tambaye ni sai in rantse shiru take yi da rana. Ashe karan dawa in yana bushewa magana yake, ƙas-ƙas-ƙas, ta ko'ina, kamar an kunna wuta a nesa. Ƙarƙashin wannan kuma ga tafiyar tururuwa a kan busasshen ganye. Na daɗe a tsaye, da na cire kuma sai na nufi babur, don ba na son ta samu bakin magana.

Akwai wani abu da Inna take yi wanda duk gidan aka sani ba a faɗa. Ga injin niƙa a bakin hanya, ga matan ƙannena cike da gida, amma duk ranar da zan zo ita da kanta take surfa gero ta daka na fura. In an ce ta kawo a taya ta sai ta ce hannunta ne ke son motsi. Kowa ya san ni ne ba na shan furar inji, don ƙarfe nake ji a ciki tun ina yaro, amma ba wanda ya isa ya haɗa maganar biyu a gabanta. Wannan dakan ne Auta ta ɗauka wata safiyar Asabar kafin in iso. Ta rataye gafiyar a reshen lemon tsakar gida, daidai saman kan Inna, ta manna kwabon a gindin turmi, ta tafi abinta. Inna ta ce ta yi duk abin da za ta yi, muddin gashin abin bai faɗa mata a gero ba.

Da na ji labari na tambayi Auta me za ta yi da ƙarar daka, abin da kowane gida ke da shi kyauta. Ta ce ai ba dakan take so ba, cire shi ma za ta yi. Kowa taɓarya yake ji, ita kuwa abin da ke tsakanin bugu da bugu take nema. Na ce wannan kamar mutum ya zubar da tuwo ne ya ce tururin yake so. Ta ce in jira.

Bayan 'yan kwanaki ta biyo ni Funtua saboda wutar lantarki, ta kulle kanta a ɗakin baƙi da kwamfutarta. Ranar nan bayan la'asar ina tsakar gida ina wanke babur sai ta fito. Fuskarta ba dariya ba kuka.

"Yaya, wanke hannunka ka zo ka zauna," in ji ta.

Ta sa mini abin a kunne. Da farko dakan ne yadda kowa ya san shi, dum, dum, dum, har da kazar Inna mai shisshigi tana kewaya turmi. Sai ta taɓa wani wuri, bugun ya ɓace ɗungurungum, aka bar ramukan da ke tsakani. Na ji gero yana zamewa yana komawa gindin turmi. Na ji zanen Inna yana motsi, da ɗan kukan da kafaɗarta ke yi in ta ɗaga hannu. Sai numfashinta, wanda duk mai daka ke fitarwa in ta ɗaga taɓarya. Auta ta ƙara masa ƙarfi kaɗan kaɗan, tana kallona.

Ba numfashi ba ne kawai. Akwai kalma a ciki, kuma sunana ce. Duk ɗagawa sai ta faɗe shi, can ƙasa-ƙasa inda bugun taɓarya zai sauko ya rufe shi kafin ya kai kunnen kowa. Wani lokaci sunan kaɗai, wani lokaci ta bi shi da Allah ya tsare hanya. Jan ƙarshensa take yi, a hankali, yadda ake kiran yaron da ba a son a firgita.

Kuka na yi, ba na ɓoyewa, irin mai shessheƙa da ban yi ba tun ina firamare. Daɗi ne ya yi mini yawa. Matata ta fito da ludayi a hannu tana salati, ta ɗauka rasuwa aka yi a gida, ta tarar da ni ina hawaye ina dariya da waya a rataye a kai. Na ce Auta ta maimaita. Ta maimaita har aka kira magariba.

Auta ta ce wannan shi ne mafi kyawun abin da ta taɓa kamawa, kuma da shi take son ta buɗe aikin da za ta kai birni. Na ce ba nawa ba ne balle in ba ta, ba kuma nata ba ne, sai mai muryar ta yarda. Na faɗi haka ne duk da ina tsoron in Inna ta san an ji ta, kunya ta sa ta ce a goge, ta kuma kama bakinta har abada.

Asabar ta zagayo muka tafi. Auta ta shiga ɗakin Inna da kwamfuta, ni kuwa na tsaya a gindin rumbu ina duba tayar babur da ba abin da ya same ta. Ta labule ina hango Inna zaune a bakin gado, an ɗora mata abin sauraro a kan ɗankwali. Aka daɗe ba motsi. Wanda duk ya sa abin nan a kunne bai san ƙarfin muryarsa ba, Inna kuwa ba ta taɓa sawa ba. Sai kawai muka ji ta ɗaga murya yadda har na zaure zai ji:

"Wannan ba ni ba ce. Turmin ne."

Matan ƙannena da ba su san kan zancen ba suka leƙo daga madafi. Auta ta kwashe da dariya har tana riƙe ciki, ta ce to Inna turmin nan ya iya addu'a. Inna ta cire abin ta ajiye a kan gado, ta ce turmin ya girme ta a gidan nan, ba abin da bai sani ba. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. Da ta sake magana muryarta ta dawo daidai, sai da na matso kusa da ƙofa na ji. Ta ce Auta ta kai wa mutanen birni rijiya da shanu da injin masara, ta haɗa musu da bugun taɓaryar ma in suna so, ba ta hana ba.

"Amma wannan na tsakiyar ba nasu ba ne," in ji ta. "Kada ki goge. Ki cire shi ki ba mai shi."

Kafin mu tashi Auta ta tura mini shi a waya. Aikinta ya je birni babu wannan yankin, ta ce an saurara an yaba, an ma fi son ƙwarin rumbu. Inna tana nan da ƙarfinta, tana dakanta duk ranar da zan je. Har yau ba ta kira ni ba, ni ma na daina jira.