Saura Kaɗan, In Ji Kawu Bitrus

Ku da kuka san Kawu Bitrus, ba sai na gaya muku abin da ke aljihun kwat ɗinsa na dama ba. Ƙoƙo ne. Ƙoƙon duma na gaske, ya yi baƙi don tsufa, bakinsa ya tsage an ɗinke da zare. Mutumin nan ya baro ƙauyenmu na bayan Pankshin tun yana saurayi, ya yi shekara da shekaru yana kwandasta a bas ɗin Landan, ya iya Turanci har da na faɗa da fasinja, amma ko sau ɗaya bai yarda ya sha giya a kofin gilashi ba. Wai gilashi na ruwa ne da magani. Ko coci ya zo, ƙoƙon yana aljihu. Fasto ya yi magana har ya gaji, Kawu ya ce a bar shi, ai ƙoƙon ya fi kowa bukatar wa'azi.

Ga waɗanda suka zo jana'izar nan daga nesa, ni ce Rifkatu, 'yar ƙanwarsa. Na zo karatun nas a farkon shekarun tamanin, na sauka a flat ɗinsa na council, wato gidan hayar gwamnati, a Croydon. Ni 'yar zumuntar mata ta coci ce, giya ba ta taɓa shiga bakina ba, kuma wannan ne ya ja mini wahala. Ranar da na sayi 'yar tsohuwar motata, Kawu ya zagaya ta, ya shafa ta, ya ce Ubangiji ya ji kukansa, ya ba shi direban da ba ya buguwa. Daga nan Asabar ɗina ta zama tasa.

A lokacin ne ƙananan gidajen giya suka fara tsirowa a Landan, irin pub ɗin da ke dafa tasa giyar a ɗakin ƙasa, ya sayar a sama. Kawu yana jin labarinsu a bakin fasinjoji, ko a wane lungu suke sai mun je. Giyar manyan kamfanoni kuwa, ko kyauta ba ya sha. Cewa yake marainiya ce, ba uwa ba uba, wa za ka kama in ta ɓata maka ciki? Shi dai sai ya ga fuskar wanda ya dafa. Kun san al'adarmu a gida. In ka shiga gidan burukutu, wadda ta dafa ita za ta ɗebo, ta fara kurɓa a gabanka, sannan ta miƙa maka, don ka san ba komai a ciki sai alheri. To, wannan dokar Kawu ya ɗauko ya kawo wa Turawa, ba tare da ya tambaye su ko suna so ba.

Gidan farko da muka je yana ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, kudu da kogi. Kawu ya jingina da kantar sayar da giya, ya ce wa yarinyar da ke sayarwa ta kira masa matar da ta dafa giyar. Can sai ga wani ƙaton Bature ya hauro daga ƙasa, jan gemu har ƙirji, takalmin roba har gwiwa, sunansa Jef. Kawu ya leƙa bayansa yana neman matar. Da Jef ya ce ai shi ne, Kawu ya juyo ya dube ni, ya ce da Hausa, “Rifkatu, ƙasar nan ta juye. Namiji da gemu yana dafa giya.”

Duk da haka ya ciro ƙoƙo ya miƙa. Jef ya cika shi daga famfon ganga, Kawu ya tura masa, ya yi masa alama ya sha. Bawan Allah ya zaci kyauta aka yi masa. Ya kafa kai ya shanye tas, ya goge gemu, ya yi godiya mai kyau. Da kun ga fuskar Kawu! Ya ce da ni, “Gaya masa kurɓa na ce, ban ce ya yi mini sata ba.” Ni ce na tsaya, da ɗankwalina na zumunta, ina yi wa Bature bayanin ladabin gidan burukutu. Jef ya yi dariya har ya riƙe kanta, ya sake cikawa, ya kurɓa kaɗan kamar amarya, ya miƙa da hannu biyu. Kawu ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya rufe ido, ya haɗiye a hankali, sannan ya yanke hukunci. “Saura kaɗan.”

Wannan maganar kuwa, wa bai sha ta ba a cikinku? Mun zaga Landan kaf da ita. Baƙar giya, ya ce ƙanzo ne ya ƙone, amma saura kaɗan. Mai ɗacin ganyen nan da Turawa ke zubawa, ya ce sun haɗa ta da shuwaka, saura kaɗan. Wata fara sol da aka ba shi a gabashin Landan, ya ce ruwan wanke ƙwarya ce, amma da ya ga mai dafawar yaro ne mai kunya, ya dafa kafaɗarsa ya ce saura kaɗan. Abin da ya sa yake girmama ƙananan gidajen nan shi ne ba sa kashe giya da ƙanƙara, tana nan da ɗuminta, tana da rai a cikin ganga. Amma a ce ta yi, bakinsa bai san wannan kalmar ba. Hatta tuwona, da ya cinye ya suɗe kwano, saura kaɗan ne.

Wata Asabar muka maƙale a cunkoson motoci, ana ruwa, ni ga gajiyar aiki, raina ya ɓaci. Na ce masa, wai Kawu, saura kaɗan ta kai me? Shekara nawa muna yawo kamar masu cigiyar akuya? Ya juya ƙoƙon a hannu. Sannan ya ce ƙoƙon na Inna ne, wato mahaifiyarsa, Kaka Ladi, wadda duk yankinmu ba mai dafa burukutu kamarta. Ta rasu lokacin da takardunsa na zama suna ofis ana dubawa, in ya fita ba dawowa, don haka bai ga kabarinta ba sai a hoto.

“Muryarta ta ɓace mini, Rifkatu,” in ji shi. “Harshe kaɗai ya rage da ya san ta. Shi ma ina tsoron kada ya manta kafin in sake ɗanɗana irin giyarta.”

Na ji tausayinsa ƙwarai. Amma Kawu ba ya barin tausayi ya huce a banza. Nan take ya tuna mini cewa a hannun Kaka na girma, ni nake hura mata wuta, saboda haka na san hanya. Na ce masa ya rufa mini asiri. Ni da nake jan waƙa a zumuntar mata, a ji ina dafa burukutu a Landan? Na ƙi, ya sake roƙo, na sake ƙi. Sai ya ce shi ke nan, tunda Jef ma da gemunsa ya iya, shi ma zai iya.

Ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa har Whitechapel, shagon Alhaji Sumaila ɗan Ghana, ya sayo jar dawa. Ya jiƙa ta a bahon wankanmu, ya shanya ta a ciki don ta yi tsiro, muka koma wanka da bokiti a tsaye kamar baƙi. Ya niƙa, ya dafa, ya ɗura a jarka, ya murɗe murfi tam, ya cusa a kabad ɗin da tankin ruwan zafi yake. Ni ban san ya toshe ta ba, da na gaya masa giya mai rai ba a rufe mata baki.

Ranar Alhamis da yamma zumuntar mata ta taru a falonmu. Muna tsakiyar waƙa sai muka ji ƙara kamar an fasa dutse. Lokacin kuwa ana yawan maganar bam a Landan. Mata suka watse, wata ta shige ƙarƙashin tebur, wata tana kiran Yesu da yarensu, ƙofar kabad ta ɓalle, jan ruwa yana gangarowa daga silin. Shugabarmu Mama Saraya ce kaɗai ba ta motsa ba. Ga ta nan zaune a gaba, ba za ta ƙaryata ni ba. Matar da ba ta gaisawa da mashayi sai da wa'azi, ta ɗaga hanci ta shaƙa, ta ce, “Ku fito, ba bam ba ne. Kuma wanda ya yi wannan bai bar tsiron ya bushe ba.” Kowa ya juyo ya dube ta. Ta buɗe littafin waƙa da sauri, ta ce a ci gaba daga aya ta biyu. Kawu kuwa ya dangwali bango da yatsa ya lasa, ya girgiza kai, ya ce wannan kam saura da yawa.

Haka muka yi ta fama har ƙarshen shekarun casa'in, lokacin da ciwo ya kama shi. Ya rame, ya daina fita, likita ya ce a ba shi duk abin da ransa yake so, kun dai san ma'anar wannan. Ni a wurin aiki na ga irinsa da yawa, ban tsorata ba sai ranar da na shigo na ga ƙoƙon a kan taga, kwat ɗin a rataye, aljihu ba komai. Na tambaye shi, ya ce ya huta da nema, ko an kawo masa ita yanzu ba lalle ya gane ta ba. Wallahi maganar nan ta soke ni.

Washegari na tafi Whitechapel. Alhaji Sumaila ya dubi yawan dawar da na ce a auna mini, ya ce da irin Hausarsu ta zango, “Madam, kai kaɗai za ka sha kunu haka?” Na ce zumuntarmu tana da yawa. Ya ɗaure buhun bai ƙara tambaya ba, sai da na kai ƙofa ya ce Allah ya sa kunun ya yi ƙarfi, a gaida Bitrus.

Jef ya ba ni ƙaramar tukunyarsa da kusurwa guda a ɗakin ƙasa. Na jiƙa, na shanya, na jira tsiro ya bushe sarai, na niƙa, na dafa, na bar ta ta yi tsami, na sake dafawa. Hannuna ya riƙa tuna abin da kaina ya manta. Da aka zo wurin tayar da ita, a gida da ragowar tsohuwar giya ake yi, mu kuwa ba mu da ita, sai Jef ya ɗebo mini yisti daga gangarsa mafi kyau. Mama Saraya ta zo wai ta yi mini addu'a don kada in faɗa jaraba, ta ƙare da ludayi a hannu tana cewa in ƙara mata kwana, tsamin bai kama ba.

Ranar Lahadi bayan sujada ni da Mama Saraya da Jef muka kai masa ita a bokiti, an yafa tsumma a kai, ja ce jawur, tana ta ɓulɓula. Tun daga ƙofa ya ɗaga kai, hancinsa yana rawa. Na ɗauko ƙoƙon daga taga, na cika, na miƙa masa. Sai mutumin nan ya naɗe hannu a ƙirji.

“Wa ta dafa?”

“Ni ce, Kawu.”

“To, me kike jira?”

Na dubi Mama Saraya, ta ɗaga ido tana nazarin silin. Na dubi Jef, yana murmushi cikin gemu. Na ce Ubangiji ka gani dai, na rufe ido na kurɓa. Tsami da ɗumi suka dake ni har kunne, ban san abin da mutane ke nema a cikinta ba har yau. Na miƙa masa da hannu biyu. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya rufe ido. Ya daɗe a haka har na fara jin tsoro. Sannan ya haɗiye, ya buɗe ido, ya ce a hankali, “Saura kaɗan.”

Kai, jama'a, ban san lokacin da na tashi ba. Na manta da ciwo, na manta da baƙi. Na ce, “Bitrus, ba ka da kunya? Mako guda ina cikin hayaƙi, bayana ya ƙage, na zubar da mutuncina, kai kana kwance kana jiran a kawo maka? Ajiye mini ƙoƙon nan in ba ka so, mara godiyar Allah kawai!” Ban taɓa kiran sunansa gatsau ba sai ranar.

Sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake, hawaye suna bin kumatunsa suna ɗiga cikin ƙoƙon da ya rungume kamar za a ƙwace.

“Yauwa,” in ji shi. “Abin da ya rage ke nan. Inna ba ta taɓa ba ni ita ba sai da faɗa. Har muryar ma ga ta.” Ya sake kurɓa, ya lumshe ido. “Ta yi, Rifkatu. Ta yi.”

Bai cika wata guda ba bayan nan Ubangiji ya kira shi. Ga Jef can a baya, gemun ya yi fari, tun safe yake kuka ya fi mu dangi. Ƙoƙon kuma yana cikin jakata, Fasto ka yi haƙuri, yau ma ya zo jin wa'azi.

Ya Ubangiji, ga bawanka Bitrus nan ya iso. Ka gafarta masa taurin kai, ka ba shi hutu, ka zaunar da shi kusa da Innarsa ta yi masa faɗa son ranta. Ya sha nema a ƙasar baƙi, ka kai shi inda ba sauran saura. Amin.