Alƙiblar da ta bi aljihuna

Ina da taubashi a unguwar Shagwa ta Njamena, ɗan ƙanen mahaifiyata, wanda tun muna yara ba mu taɓa yarda da juna a kan komai ba. Shi makaniken injin ban ruwa ne. Ni kuwa alƙalami da tawada na sani, har yau da ajami nake rubuta abin da nake so in tuna. Asalinmu ɗaya, jikokin mutanen da suka taso a ƙafa za su Makka, suka yada zango a bakin kogin Shari, zangon kuma bai ƙare ba har yanzu.

Babbar 'yarsa ta yi boko mai zurfi, tana aiki a wata ƙasa ta bakin teku. Da ta zo ganin gida na hau babur daga unguwarmu Abena na je yi mata barka da zuwa. Muna shan shayi na ce ta faɗa mini aikin nata da Hausar da zan gane.

"Maganaɗisu muke gyarawa, Baba, mayen ƙarfe. Na cikin injin jirgin ruwa mai tafiya da lantarki. Yana da ƙarfi ƙwarai, amma ba ya da jimiri. Zafi na rage masa ƙarfi, ruwan gishiri na cinye shi, in ya bugu kuma sai ya fashe kamar tangaran. So muke mu sami wanda zai jure."

Na ce, "Ikon Allah. Yarinya daga ƙasar da ba ta da teku ko na wanke ƙafa, ita ce likitar jiragen teku."

Ubanta ya ce, "Rabu da shi, 'yata. Wannan ko kwalekwale ya shiga sai ya karanta duk abin da ya haddace."

Ta yi dariya, ta ɗauko wani ɗan ƙarfe mai sheƙi, bai kai ƙwayar suga ba, gefensa ɗaya a ɓantare. Ta ce ya faɗi gwajinsu, ba shi da sauran amfani, in riƙa danne takarduna da shi a kan akwatin ƙarfe. Abin ya shiga raina. Maimakon akwati sai ya koma zama cikin aljihun rigata, makullaina na manne da shi.

A kwanakin ne taubashina ya gama wata rumfar salla a ƙofar garejinsa, don maƙwabta da masu kawo gyara. Ni kuma ina da busol, abin nan mai allura da ke nuna arewa, tsarabar wani maƙwabcina daga aikin hajji. Na ce bari in duba masa alƙibla, don ban yarda da idon makaniki ba. Na tsuguna, na ajiye busol a ƙasa, allura ta yi rawa ta tsaya. Na lissafa, sai na ga tabarmin sun kauce sosai.

"Alhaji, rumfarka ta karkace."

"Kai ne ka karkace. Kakanmu ya taso tun daga ƙasar Hausa ba allura ba zare, bai ɓata ba."

"Shi ya sa ya tsaya a Njamena," na ce.

Jama'a suka yi dariya, dariyar kuma ta ba ni nasara. Ni ake kira Malam, shi hannunsa duk baƙin mai. Aka ja tabarmi zuwa layin da na zana da yatsa. Kwana huɗu ina zuwa azahar da la'asar don in ga aikina, mutane na bin layina, taubashina na bi yana gunaguni.

Rana ta biyar 'yar tasa ta same ni ni kaɗai a rumfar bayan azahar. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba, ranar da ka duba alƙibla, ina kyautar da na ba ka take?"

Na dafa aljihu.

"Ajiye busol ɗin a ƙasa, don Allah. To, tashi ka zaga shi a hankali."

Na zaga, ƙarfen a hannuna. Allurar ta biyo ni. Na koma hagu, ta koma hagu. Na tsaya, ta tsaya tana kallona kamar akuyar da ta ga mai dusa. Sai na gane. Sallar bayin Allah ta kwana huɗu ce a wuyana.

Ta ce a hankali, "Ba wanda na faɗa wa. In kana so sai a ce busol ɗin ne ya lalace."

Ba zan ɓoye ba, na so. Na daɗe zaune da carbi a hannu ina juya maganar. Amma busol bai yi ƙarya ba, abin da aka sa masa a gaba ya bi.

Da aka taru la'asar, kafin a tada iƙama na miƙe. Na fito da ɗan ƙarfen, na nuna musu yadda allura ke binsa, na ce kuskuren nawa ne, Alhaji ne mai gaskiya, su yafe mini. Wani dattijo daga unguwar Milezi, wanda ya fi mu karatu, ya ce sallolin da lokacinsu ya fita sun wuce tunda ba da gangan aka yi ba, azahar ta yau kawai za mu sake.

Taubashina ya taso. Ya sunkuya ya ja tabarmi ɗaya bayan ɗaya ya mai da su inda suke, yana yi a hankali don kowa ya gani da kyau. Da ya gama ya miƙo mini hannu.

"Kawo shi nan, Malam. Kwana huɗu muna fuskantar aljihunka, ko goro babu a ciki."

Ƙarfen yana nan har yau. Ya manna shi a ginshiƙin ƙarfe na can bayan rumfar, yana riƙe da takardar lokutan salla da na rubuta da ajami. Damina biyu ta wuce a kansa, tsatsa ta fara cin gefen da ya ɓantare, kamar yadda yarinyar ta ce. Duk ranar da na je, kafin in shiga sahu sai taubashina ya laluba aljihuna, ni kuma in ɗaga hannu in bar shi.