Adda Dije, Bafulatanar da ta hana ni shan madara

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye a kicin, ko karyawa ban yi ba. Buba ne ya kira daga Kafinsoli. Daga jin yadda ya yi sallama na nemi wuri na zauna.

"Inna, sai haƙuri. Tsohuwa ta cika bayan asuba."

Adda Dije ta rasu. Na Allah muke, wurinSa muka nufa.

Tun ɗazu nake rubutawa ina gogewa.

Da yawanku a shafin nan tsofaffin ɗalibaina ne. Duk wanda ya taɓa zuwa gidana lokacin sanyi ya sha cakulan ɗin nan mai zafi da nake yi da aya, mai yaji-yaji, wanda babu ɗigon madara a ciki. Kuna tambayata inda na koya, ina ce maku dogon labari ne. Tau, yau mai labarin ta tafi, bari in faɗa.

Shekarun da aka canja hannun tuƙi aka kuma canja mana kuɗi, aka yi wa maigidana Malam Sani, Allah Ya jiƙanshi, tiransifa daga Kankia zuwa firamaren Dudunni. Rediyo na ta maganar arzikin mai, mu kuwa a can guga muke ja. Lokacin ban fara koyarwa ba, sunan Malama a jikin Malam na same shi.

Ina da ciki. Na farkon ya zube kafin mu taso, don haka wannan kowa a tsorace yake, ni na fi kowa.

Laulayi ya sa ni gaba. Tuwo ba ya zama, fura ba ta zama, ƙamshin daddawa kawai na ji sai amai. Abu ɗaya cikina ya amsa. Ƙanen Malam direban babbar mota ne mai zuwa Kurmi, shi ya kawo mana garin koko a gwangwani. Ba kokon gero ba, na cakulan, baƙi mai ɗaci. In na dafa shi da madarar shanu sabuwar tatsa, shi kaɗai ke wuni a cikina. Madarar gwangwani kuwa, ana huda ta nake barin ɗakin.

Mai kawo mani madarar ita ce Adda Dije. Rugarsu na bayan gari ta wajen hanyar Ƙofa. Ta ɗan girme ni, doguwa ce, ba ta da yawan magana. Ranar da ta fara ganin abin da nake dafawa, ta leƙa tukunyar ta ja da baya.

"Malama, laka kike sha?"

Daga ranar ya zama kunun laka.

In ta auna mani sai ta ƙara ludayi, ta ce wannan na baƙon da ke tafe ne. In ta tarar jiri na ɗibata, ta aje ƙwaryarta ta ɗauki tulu ta yi rijiya. Da ƙafata ta yi faso, ita ta riƙa shafa mani man shanu da hannunta, tana mita wai 'yan birni fatarku kamar ta albasa.

Sai sanyi ya shigo.

Kullum da sassafe daga gidanmu muna jiyo kukan shanun rugar, da na maruƙa in an raba su da iyayensu za a yi tatsa. Da shi nake sanin gari ya waye. Ban san ranar da ya fara raguwa ba. Na dai farga wata safiya na ji shiru ya yi yawa.

Sai ungulaye. Suka fara taruwa a kan kukar da ke bayan makaranta, kullum ƙaruwa suke. Ba su tashi ko an jefe su. Duk sun juya fuska wuri ɗaya.

Malam ya dawo ya ce mani yaran ruga sun daina zuwa aji.

Rannan Adda ta shigo da ƙwaryarta a kife a ka. Ba ta tsaya tsakar gida yadda ta saba ba, ta wuce har ɗaki ta saki labule.

"Yau babu," ta ce.

"Gobe fa, Adda?"

"Gobe ma babu. Malama, ki buɗe kunne. Kada ki sha madarar kowa. Ko nono, ko mai. Nama ma in kin ga ya yi araha, ki kau da kai."

Na tambaye ta lafiya. Ta yi ƙasa da murya ta ce:

"Saniya za ta shigo da yamma tana tuƙa, lafiya lau. A wayi gari ta kumbura, ƙafafu sama, baƙin jini na zuba ta hanci. Tsofaffinmu sun san ciwon. Maza sun ce a yi shiru, wai in gari ya ji an gama da mu. Sauran mata na ta tatsa suna kawowa. Ni ba zan iya ba."

Ta fita ta bar ni da gwangwanin koko da cikin da ba ya karɓar komai.

Na gwada dafa shi da ruwa zalla, ya dawo. Kwanaki suka yi ta tafiya, ina ramewa, har zobena ya riƙa faɗuwa. Abin da ya fi ba ni tsoro, motsin da nake ji a ciki ya yi sanyi. Sai in dafa cikin in yi ta jira.

Wata safiya facalar Adda, matar wan mijinta, ta yi sallama da ƙwarya cike. Madara da ɗuminta, kumfa a sama. Ta ce duk surutun Dije ne, shanunsu ƙalau suke. Ban yi dogon tunani ba na saya, na hura wuta na ɗora.

Ta fara tafasa ke nan Adda ta shigo. Ta dubi tukunyar, ta dube ni.

"Wa ya kawo?"

Na faɗa mata. Ta naɗe hannu da gefen zane, ta sauke tukunyar, ta kai gindin katanga ta tuntsurar. Ta ɗebo garwashi da toka ta rufe wurin, don kada kaji su tona.

Na fashe da kuka. Na ce ke ba ki kawo ba, kin hana a kawo, so kike in mutu da ni da abin da ke cikina? Na faɗi maganganu da yawa.

Ta ce, "Yi ta zagi, Malama. Mai rai ke zagi."

Sai ta kwance ƙullin da ta shigo da shi. Aya ce, ta riga ta jiƙa ta tun jiya ta kumbura, da gyaɗa ɗan tafin hannu. Ta ce tun daren jiya take tunani, in dai fari da kauri cikina ke nema, ai ba saniya kaɗai ke da su ba.

Ta soya gyaɗar sama-sama ta murje ɓawon. Ta haɗa da ayar a turmi ta kirɓa har suka yi laushi, ta zuba ruwa ta dama, ta tace da farin ƙyalle. Ruwan ya fito fari tas, wallahi sai ka rantse daga hantsa aka tatso shi.

Na farko bai yi ba. Mun cika mashi wuta ya tsinke, ya yi gudaji. Ta zubar, ta koma turmi.

A na biyu ta janye itace ta bar garwashi kawai. Ta daka busasshiyar citta da kanumfari da masoro, ta ƙara barkono ɗan abin da kan tsinke zai ɗauka, ta ce shi ke korar tashin zuciya. Ni na dama garin kokon da ruwa kaɗan a kofi har ya yi sumul, sannan muka juye. Maimakon sukari ta fasa mazarƙwaila. Ta sa maburginta na nono ta yi ta burgawa, ba ta bari ya tafasa ba, har kumfa ta taso.

Ta miƙo mani. "Kurɓa kaɗan. Ki jira."

Na kurɓa. Ɗaci, zaƙi, sai yajin ya bi maƙogwaro ya sauka da ɗumi. Muka zauna muna jira, ita tana kallon bakina, ni ina kallon ƙofa ko zan ruga.

Bai dawo ba.

Na shanye kofin. Can wajen azahar na ji an harbe ni ta ciki, da ƙarfi. Na kamo hannunta na ɗora a wurin. Wannan ne karo na farko da na ga haƙoran Adda duka.

Amma gari bai yi daɗi ba. Maƙwabcinmu Ɗanlami mahauci ya samo nama mai araha, shi ya feɗe da hannunshi. Wani ƙurji ya fito mashi a damtse, tsakiyarshi baƙi ƙirin kamar gawayi. Hannun ya kumbura har wuya. Kafin a samu motar da za ta kai shi Kankia, rai ya yi halinshi. Ciwon ya kwantar da wasu a unguwar. Ko naman ne, ko nonon, Allah ne masani. Na dai san ta katanga nake jiyo kukan matarshi ina riƙe da kofina.

Ashe Adda ba ni kaɗai ta gaya mawa ba. Ta tsaya a bakin rijiya ta faɗa wa mata. Magana ta kai ga mai gari, malaman dabbobi suka zo daga Kankia, aka haƙa ramuka, aka yi ta ƙona mushe. Hayaƙin ya kwana biyu yana bin gari, warin har cikin tufafi.

A ruga aka daina amsa gaisuwarta. Rannan ta zo mani da ido a kumbure, ta ce ƙofar bukka ce ta buge ta. Ƙofar kara ba ta yi wa mutum haka. Ta jawo turmi.

Haka ta yi ta zuwa kullum, ba ta da abin sayarwa, kirɓa aya kawai ke kawo ta.

Sai wata safiya ba ta zo ba. Malam ya taka har rugar. Ya tarar da toka da turaku. Sun tashi da abin da ya rage masu, babu sallama.

Da bazara na haihu, ɗiya mace. Malam bai ko tambaye ni ba ya sa mata Khadija. Ita ce Dijen da kuka sani, uwar jikokina.

Shekaru suka wuce, na yi karatu, na fara koyarwa. Ina cikin kasuwar Kankia na ji an riƙe mani mayafi ta baya.

"Malama, har yau kina shan laka?"

A tsakiyar 'yan tumatir muka rungume juna muna kuka. Sun dawo sun zauna a Kafinsoli, sun kama noma da 'yan shanu kaɗan. Ta ce mijinta ya daɗe bai ci abincin hannunta ba bayan abin nan, amma kafin ya rasu ya nemi gafararta. Daga nan ba mu ƙara rabuwa ba. Buba da ya kira ni yau, ɗanta ne na fari.

Ganina da ita na ƙarshe sanyin bara ne. Na taso daga Katsina da filas cike. Ta ƙi sha. Ta ce a ɗauko turmi, wai na injin markaɗe ba ya da rai. Taɓaryar na kufce mata, amma ba ta bari an karɓa ba.

Muna sha na lura garken bayan gidan babu komai. Na tambayi Buba da ido, ya sunkuyar da kai. Ita ta amsa.

"Ɓarayin shanu sun kore su da damina. Wancan karon aƙalla mun ga gawarsu."

La'asar ba ta yi ba ta fara korata, wai in kama hanya da sauran rana. Ta rako ni har bakin mota tana dogara sanda. Na shiga, ta sa hannu ta taga ta riƙe mani wuyan hannu, da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Malama, in kin ji labarina, kada ki taho. Hanyar nan ba ta da amana yanzu. Ki yi mani addu'a daga inda kike, tana isowa."

Na yi dariya na ce Adda ki bar wannan magana. Ba ta yi dariya ba. Ba ta saki hannuna ba sai da na ce na yi alkawari.

Yau da Buba ya kira, kafin in ce ga ni nan tafe ya ce, "Inna, jiya ma sai da ta tuna mani. Ta ce ko kin sa mayafi in ce ki cire."

Lokacin har na miƙe na jawo mayafin, yana kafaɗata.

Yanzu haka suna can suna shirin kai ta, ni ina nan zaune. Ban taɓa saɓa maganar Adda na ga daidai ba.

Ya Allah, ga baiwarKa Khadija ta zo maKa. Ka yafe mata, Ka yalwata mata makwanci, Ka sanyaya shi, Ka shayar da ita daga ƙoramun Aljanna. Ka ba Buba da 'yan'uwanshi haƙuri. Waɗanda suka ɗauke ta zuwa maƙabarta, Ka maida su gida lafiya, Ka tsare mana garuruwanmu da hanyoyinmu.

Ku kuma da kuke karantawa, roƙo ɗaya nake maku. Ni an hana ni zuwa. Duk inda kuke, ku ɗan tsaya ku yi mata addu'a da sunanta, ko Ƙulhuwallahu ce. Ta ce addu'ar tana isowa.