Kalmomin da Rifkatu Ta Tsaga Tare da Citta

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai matata Rifkatu makwancinta a bayan cocin ƙauyenmu, kusa da Kachia. Duk shekara 'ya'yanmu sukan taru a yi addu'a, a ci abinci, kowa ya tashi ya yabi haƙurinta. Bana na ce bari in faɗi abin da ba su sani ba, ko da zai zubar mini da girma. Taurin kan Rifkatu ya fi haƙurinta yawa, kuma ni na fi kowa sanin haka.

A tsakiyar shekarun 1970, lokacin da aka buɗe firamare kyauta ana neman malamai ido rufe, ina koyarwa, ita tana gida da yara biyu. A aji bakwai karatunta ya tsaya, amma ta sa wa ranta sai ta shiga kwalejin horon malamai a Kafanchan. Sau biyu tana rubuta jarrabawar shiga, sau biyu Turanci yana kayar da ita. Lissafi bai dame ta ba. Manyan kalmomin nan ne da ake cewa a zaɓi ma'anarsu, da ta gan su sai kanta ya ɗaure. Ni kuwa a lokacin gani nake duk ƙasar Kachia ba mai Turancina, sai kunya ta kama ni, wai matar Ticha ta faɗi Turanci. A gaban mahaifiyata na ce mata, "Wannan na ukun shi ne na ƙarshe. In kin faɗi, maganar makaranta ta mutu."

Washegari ta ɗauke ƙamusuna daga kan tebur, bai kuma sake komawa can ba. Kullum da safe takan zaɓi kalma uku ta rubuta a takarda, ta soke a bakin zane. Lokacin haƙar citta ne, ita da Mama, wato mahaifiyata, suna wuni a kan dutse suna tsagawa suna shanyawa. Dokar da ta kafa wa kanta ita ce, ba za ta ce ta san kalma ba sai ta bayyana wa Mama ita da yarenmu, tsohuwar da ba ta taɓa taka ƙofar aji ba, har Mama ta kawo misali daga cikin mutanen ƙauye. In Mama ta girgiza kai, kalmar ta kwana ke nan, gobe a sake. Na yi mata dariya har da riƙe ciki. Ta ce kayan aro ba ya rufe katara, ita nata take so.

Yau jikokina latsa waya suke yi, kafin ka ƙifta ido ma'ana ta fito, kafin ka sake ƙiftawa ta bar kansu. Nakan tambayi kaina me Rifkatu za ta ce. Na tabbata wayar za ta burge ta, don ba ta ƙin sabon abu. Amma za ta karɓe ta kife a kan tebur, ta ce, "To, yanzu gaya mini da bakinka." Ina jin haushi idan na ga yaro ya gama jami'a yana zuba Turanci kamar ruwan Agusta, ka ce ya fassara layi ɗaya sai ya hau sosa ƙeya. Sai dai ba ni da bakin zagin kowa, don ni ma an kama ni.

Akwai wata kalma da nake ji da ita, magnanimous. Ba taron coci ko na makaranta da zan yi jawabi ban jefa ta ba. Ran nan na dawo daga aiki na same su a kan dutse, Rifkatu ta ɗago kai ta ce, "Baban Ladi, kalman nan naka ya ƙi shiga kan Mama. Kai da ka san shi, gaya mata ma'anan shi." Na yi ta kame-kame da wani Turancin. Sai Rifkatu ta juya ta yi wa Mama bayani a hankali, Mama ta ajiye wuƙa ta ce, "Af! Kamar marigayi Baba Gaiya. Akuyan ka ya ci dawan shi, ya kama ya kawo maka gida, bai ce komai ba." Shekara shida ina kaɗa kalmar nan a bainar jama'a, sai ranar na san ta. Girman kai rawanin tsiya, inji masu iya magana. Daga ranar na daina dariya, amma ban janye sharaɗina ba, kuma wannan yana ci mini rai har yau.

Ta ci jarrabawar. Ta koyar shekara talatin, tsakanin Zonkwa da Kachia. Ba ta bar gida mai bene ba, ba a sa wa wani titi sunanta ba. Abin da ta bari shi ne mutanen da har yanzu suke tare ni a kasuwa, wasu da furfura, su ce a ajin Malama ne suka fara gane Turanci magana ce ta mutane, ana iya kai ta gida a ba uwa.

Tana kwance cikin ciwonta na ƙarshe, wata rana da hantsi, na yi ƙarfin hali na tambaye ta abin da na daɗe ina gudu. Na ce, da kin faɗi a karo na ukun nan fa? Ta dube ni kamar ɗan aji ɗaya.

"Da na rubuta na huɗu mana," inji ta. "Kai ne ka ce na ƙarshe. Ni ka ji na ce?"